Shin laifi ne jama'a su hukunta ɓarawo da hannunsu?

Malam, ka tambaya ko laifi ne jama'a su hukunta wanda suka kama da sata, tunda sau da yawa akan sake shi bayan kwana biyu. Laifi ne, domin dokar Najeriya kotu kaɗai ta ba ikon yanke hukunci, kuma a shari'ar Musulunci ma aikin alƙali ne. Na fahimci takaicin da ke sa mutane yabon 'yan banga, amma a watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, an kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke komawa gida yin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu aka zarge su da garkuwa da mutane.