Ga ƙanina da burji ya kayar a kwana

Assalamu alaikum. Ƙanina, sannu da arziki. Allah Ya sa kaffara ne, Ya kiyaye gaba.

Tun bayan asuba na ga tambayarka, na kasa wucewa. Ka ce sati biyu ke nan da sayen Boxer ɗinka, ka shiga kwana a hanyar burji a giya ta biyu, ko gudun keke ba ka kai ba, sai kawai ka gan ka a ƙasa. Gwiwa ta ƙuje, wuyan hannu yana ciwo, kan mashin ya karkace, yanzu ko kallonsa ka yi sai gabanka ya faɗi, har kana tambaya ko ka sayar da shi ka huta. Wallahi kamar labarina kake ba ni.

Ni tawa faɗuwar shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye ce, can ciki idan ka sauka daga titin Kano zuwa Gwarzo. Da hunturu ne, ƙasa ta bushe ƙamas. A bakin garin akwai wata kwana, daidai teburin mai shayi, tifa ta zubar da tsakuwa a wurin an bar ta. Ina cikin karya kwanar sai ga ɗan akuya ya gitta. Ban san lokacin da na damƙe birkin hannu da yatsu huɗu ba. Tayar gaba ta tafi abinta, mashin ya kwanta mini a ƙafar dama, na dafa ƙasa da tafin hannu, salansa ta manne a ƙwaurina. Har yau ina jin ƙaurin wandon nan.

Ka san me ya fi ƙona ni? Idanun mutane. Ɗalibaina 'yan aji biyar suna kan hanyar makaranta, sun tsaya cak da jakunkunansu. Masu shan shayi duk sun miƙe. Na zabura kamar an tsikare ni, ina kakkaɓe riga ina "ba komai, ba komai", alhali jini yana bin ƙafata har cikin takalmi. Sai ga abokin aikina da ya koya mini mashin ɗin, yana bayana a nasa. Mutumin nan, Allah Ya yafe mana gaba ɗaya, kafin ya ce mini sannu sai da ya yi dariya har yana dukan tankinsa. Shi ne ya ja ni wurin wani bakanike aka tsiyaya mini man birki a kan ciwon, wai yana busar da shi. Na ga taurari da rana tsaka. Da na ce hannuna fa, ya kama ya murɗa ya ce targaɗe ne, namiji ba ya zuwa asibiti a kan wannan. Bai tsaya nan ba, zango guda cur yana ba da labarin a ofishin malamai, kullum da ƙarin gishiri, har yara suka laƙaba mini Malam Burji. Kuma shi ɗin ne fa, ranar da yake koya mini a filin ƙwallo, bai taɓa ce mini birkin gaba yana da wurin da ba a damƙarsa ba. Kewaye uku muka yi ya ce na iya. Mun shirya yanzu, muna gaisawa, amma in na tuna dariyar nan sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

To saboda kunyar nan na ɓoye hannun sati uku. Ina rubutu a allo ina cije leɓe, buta ma da hagu nake ɗauka. Na je wurin mai ɗori ya ja ya shafa mai ya ɗaure, ba ta canja zane ba. Sai da maiɗakina ta kai ƙarata wurin mahaifiyata, sannan na tafi asibiti, daga nan aka tura ni Asibitin Ƙashi na Dala. Ashe wani ɗan ƙaramin ƙashi ne a gindin babban yatsa ya tsage. Likitan ya ce shi ne ƙashin wuyan hannu da ya fi karyewa in mutum ya dafa ƙasa garin faɗuwa, jini ba ya isarsa sosai, shi ya sa yake da wuyar haɗewa in aka yi masa jinkiri. Na yi sama da wata biyu da simintin hannu.

Don haka ƙanina, ka ajiye maganar sayar da mashin tukuna. Miƙe babban yatsanka, za ka ga wani ɗan rami a gindinsa ta gefen wuyan hannu. Danna wurin. In ka ji zafi ya soke ka, gobe ka je a yi hoto. Ko hoton farko ya nuna lafiya lau, in ciwon bai tafi ba ka koma bayan kwana 10 zuwa 14, don tsagewar wannan ƙashin takan ɓuya a hoton farko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na ɓoye nawa, ga shi har yau in sanyi ya sauko hannun yana tuna mini.

Gwiwar kuma, don Allah kada ka bari kowa ya zuba maka man birki ko fetur ko toka. Ruwa mai tsafta da sabulu, a wanke sosai har tsakuwar da ta shige ta fita, da zafi amma dole ne, sannan a rufe da bandeji ana canjawa. In shekara 5 ta wuce rabonka da allurar tetanus, ko ba ka ma tuna ba, je a yi maka, ƙasar hanyar dabbobi ce ka kwasa. In ka ga wurin ya yi ja ya kumbura, yana ruwa ko zazzaɓi ya zo, ba na kemis ba ne kuma. Ba ka ce salansa ta taɓa ka ba, amma don masu karantawa: ruwan sanyi ake kwarara wa ƙuna kamar minti 20, ban da man goge baki. Kuma ba ka faɗa mana ko kanka ya bugu ba. In akwai jiri ko amai ko ciwon kai da ya ƙi tafiya, rufe wayar nan ka tafi asibiti yanzu.

Hular kwano fa? Na san amsar. Tun 1 ga Janairun 2009 da jami'an kiyaye haɗurra suka fara tilasta ta muke wasa da ita, har masu kifa ƙwarya a ka aka yi. Ni ma ranar tawa tana rataye a madubi. Da silifas wasu ke hawa, Allah na tuba. Ko safar hannu ta masu walda da takalmi sau-ciki sun fi babu.

Abin da ya kayar da kai, ina kyautata zaton shi ya kayar da ni. A kan kwalta birkin gaba ne mai aikin, kusan kashi 70 cikin 100 na tsayawa shi ne. Amma a kan tsakuwa taya tana tsaye ne a kan abin da ke mirginawa, in ka damƙe shi kan mashin yana karkace, tayar ta kulle, shi ke nan, ba ka da ko daƙiƙa ɗaya. Ka rage gudunka tun mashin yana miƙe, kafin ka isa kwanar, da birkin ƙafa a hankali da saukar da giya. Cikin kwanar kada ka kwantar da shi irin na 'yan acaɓa a kwalta, kada ka kama kuloci, bar totur ɗan kaɗan yana ja. Idonka a inda kake son fita, don duk abin da ka ƙura wa ido can za ka nufa, ni ɗan akuyan na kalla. In rairayi ne mai zurfi, matsa baya kaɗan a kujera, matse tanki da gwiwoyi, saki kafaɗunka. Kan zai yi ta rawa, ƙyale shi, in ka sandare hannu ko ka saki totur gaba ɗaya ne tayar gaba take nutsewa. Kuma ka duba iska, masu faci suna son ɗura wa taya har ta zama dutse, a burji irin wannan tsalle take yi.

Kan da ya karkace yawanci ba lanƙwasa ba ce, zamewa ya yi. A sassauta notuna, ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka a murɗo shi daidai a ɗaure. Amma ba da wannan hannun naka ba. Kai wa bakanike ya duba har shokozoba da hannun birki.

Tsoron kuwa, ni da aka cire mini simintin sai da na yi kwana huɗu ina wanke mashin ina mayar da shi zaure. Rana ta biyar bayan asuba, babu kowa a waje, na tura shi filin idi na yi ta kewayawa a giya ta ɗaya, ina taka birkin baya da gangan don in ji yadda taya take zamewa. Sati guda ina haka kafin na koma hanyar makaranta. Da na iso kwanar mai shayi sauka na yi na tura shi da hannu, yara suna kallo, mai shayin ya ɗaga mini hannu ya ce Malam a haɗa maka ne? Na ce haɗa.

Ka je hoton nan gobe, ka dawo ka faɗa mana abin da suka ce. In kana kusa da Kabuga ka yi mini magana, Asabar da safe ba na komai, akwai fili a bayan unguwarmu.