Amsa kan direbobin laftof a cikin kanel ɗin Linux

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu. Na ga tambayarka tun bayan la'asar, sai yanzu aiki ya sake ni. Ga waɗanda ba su gani ba: ɗan'uwanmu ne ɗalibi a Madina, ya sayi ThinkPad T480 na hannu ta Haraj, shafin saye da sayarwa na Saudiyya, ya sa masa Debian 12, komai lafiya, sai ya ce bari ya gina kanel ɗinsa, wato zuciyar tsarin Linux, da kansa don ya koya. Da ya tashi da sabon kanel, wasu maɓallan Fn suka daina amsawa, wurin ƙayyade cajin batir ya ɓace, fanka kuma tana ta huci. Ya buɗe menuconfig, allon zaɓen abin da za a gina a kanel, ya tarar da dogon jeri na sunayen kamfanoni, Acer da ASUS da Dell da HP da sauransu, yana tambayar wanne zai kunna, wanne zai kashe.

Abin da kake nema guda ɗaya ne, sunansa THINKPAD_ACPI, yana ƙarƙashin Device Drivers, a sashen X86 Platform Specific Device Drivers. Amma tun kafin ka je can, ka sani kanel 6.1 da Debian 12 ta ba ka yana ɗauke da shi, tare da kusan duk sauran da ka gani a jerin. Kai ne ka sauke shi da hannunka lokacin da ka fara da make defconfig, domin wannan saitin ba ya kunna shi. Masu Debian da Ubuntu da Fedora suna gina waɗannan direbobi a matsayin modul, suna kwance a faifai ba sa cin komai, sai kanel ya karanta sunan kamfani da samfurin na'ura daga BIOS, ko ya ga alamar da na'urar ta bayyana a ACPI, sannan ya ɗauko wanda ya dace. Direban Acer da ke zaune a faifan ThinkPad bai rage maka gudu ko na ƙiftawar ido ba. Na faɗi haka ne don na ga yara da yawa suna kwana suna kashe zaɓuɓɓuka da tunanin kwamfuta za ta ƙara sauri.

Dalilin da ya sa kowane kamfani yake da nasa direban shi ne abin da ya kamata ka fahimta, in ka fahimce shi sauran duk sauƙi ne. A cikin kowane laftof akwai wani ɗan ƙaramin cif da ake kira EC, ba shi ne babban furosesa ba. Shi ke kula da cajin batir, da jujjuyawar fanka, da fitilun jikin na'ura, da maɓallin Fn. Ko kwamfuta a kashe take, in dai akwai wuta yana farke. Tsarin ACPI da Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996 ya daidaita abubuwa na gama-gari, kamar sanin nawa ya rage a batir, ko an rufe murfi. Abin da ya wuce nan kowane kamfani ya yi yadda ya ga dama. Lenovo yana da hanyarsa ta yi wa EC magana, ASUS da HP da Acer sun fi bin wata ƙofa ta Microsoft mai suna WMI, Dell ya haɗa WMI da wata tsohuwar hanya ta BIOS. A Windows kamfanin ne ke ba ka manhajar da ta san wannan yaren, irin su Lenovo Vantage da MyASUS. A Linux kuwa direbobin da ke cikin foldar drivers/platform/x86 su ne tafintan. Na ThinkPad yana cikin tsofaffinsu, ya fara da sunan ibm-acpi tun na'urorin suna hannun IBM, Lenovo ya sayi sashen a 2005, aka sauya wa direban suna a 2007. Shi ya sa har gobe za ka ga fayilolinsa a /proc/acpi/ibm.

To ga yadda zan ba ka shawara ka sake ginin. Ka manta da defconfig. Ka kwafi saitin Debian da ke /boot, wato fayil ɗin da sunansa ya fara da config- sannan lambar kanel, ka mai da shi .config a cikin foldar da kake gini, ka gudanar da make olddefconfig. Daga nan ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. In gini ya tsaya yana ƙorafin bai ga wata takardar shaida ba, ka duba SYSTEM_TRUSTED_KEYS ka bar shi fanko. Akwai kuma make localmodconfig, wanda ke barin modul ɗin da ke aiki a lokacin kaɗai. Yana rage lokacin gini sosai, sai dai yana da tarko: duk abin da ba ka jona ba a wannan lokacin zai fita. In filashi ko firinta ko abin kunne na Bluetooth ba sa jone, ranar da ka buƙace su sai ka ga shiru. Kuma ka gudanar da shi kana kan kanel ɗin Debian, ba kan gurgun da ka gina ba, in ba haka ba gurguntakar za ka sake kwafowa.

A cikin menuconfig in ka danna alamar / ka rubuta THINKPAD_ACPI, zai nuna maka inda yake da abubuwan da ya dogara da su. Wani lokaci mutum ya yi ta neman zaɓi bai gani ba, alhali wani abin da ya dogara da shi ne a kashe, kamar ACPI_BATTERY ko na hasken allo. Ka sa shi M, kada ka sa Y. In modul ne kana iya sauke shi ka sake ɗora shi da wani saiti ba tare da kashe kwamfuta ba, kuma saitinsa a /etc/modprobe.d yake zama. In ka dunƙule shi cikin kanel, wannan foldar ba ta da tasiri a kansa, sai ka rubuta saitin a layin GRUB, manhajar da ke tayar da kanel. Ƙananan zaɓuɓɓukan da ke ƙarƙashinsa, ka bar na ALSA a kunne don maɓallin kashe sauti. Na UNSAFE_LEDS da na DEBUGFACILITIES ka bar su a kashe, na farkon yana ba manhaja damar sarrafa fitilun da ke gaya maka halin da na'ura ke ciki, na biyun na masu gyaran direban ne. Ka kunna ACPI_WMI, ka ƙara THINKPAD_LMI in kana son sauya saitin BIOS daga cikin Linux, ya shigo tun kanel 5.14.

Yanzu maganar batir, wadda a ganina ita ce ta fi komai amfani gare mu mazauna ƙasar nan ta Saudiyya. A gida wuta ce ba ta zama, batir kullum cikin aiki yake. A nan kuwa wuta ba ta ɗaukewa, ɗalibi ya jona laftof a ɗakinsa na masaukin ɗalibai tun farkon zango, ba zai cire ba sai zai tafi hutu. Batirin lithium ba abin da ke tsufar da shi kamar ya zauna a cike maƙil cikin zafi, ga shi bazarar Madina da Riyad tana haura digiri 45. Yawancin laftof da ake kawo mini nan Jidda da batir a kumbure, har ya ɗaga wurin shafa yatsa, in na tambaya sai a ce ai ba a taɓa cire shi daga wuta ba, mai shi yana ganin gata ya yi masa. Wasu kuma a mota suka bar shi da rana tsaka.

Da zarar thinkpad_acpi ya hau, ka leƙa /sys/class/power_supply/BAT0. Za ka ga fayiloli biyu, charge_control_start_threshold da charge_control_end_threshold. Na biyun shi ne inda caji zai tsaya, na farkon inda zai sake farawa. Ka rubuta echo 80 | sudo tee sannan cikakken sunan fayil na biyun, ka sa 75 a na farkon. T480 yawanci batir biyu gare shi, na ciki da na waje mai cirewa, don haka ka maimaita a BAT1. In ba ka son wannan wahalar ka sa TLP, manhajar kula da batir, ka rubuta lambobin a /etc/tlp.conf, umarnin tlp-stat -b zai gaya maka ko sun kama. Duk rubutun da ka gani a intanet yana cewa sai ka sa tp_smapi ko acpi_call don wannan, na da ne, tun kanel 4.17 aikin ya shiga cikin direban kansa ga irin samfurinka. A ThinkPad lambar tana zama a cikin EC, ko ka koma Windows tana nan. Wanda ba ya fita da laftof ko kaɗan yana iya sauka zuwa 60. Ranar da za ka tafi Kano ko Zariya hutu ka mayar da shi 100, can kowane ɗigo za ka buƙata.

Tunda na san akwai masu wasu samfuran a nan suna karantawa: IdeaPad, duk da na Lenovo ne, direbansa daban, ideapad_laptop, kuma ba ya karɓar lamba. Fayil ɗaya gare shi mai suna conservation_mode, ka sa 1 ya tsaya a wajen kashi 60 a yawancin tsofaffi, wasu sababbi a 80. ASUS yana da asus_wmi da asus_nb_wmi, yana karɓar iyakar tsayawa kaɗai tun kanel 5.4, kuma yana mantawa in an kashe an kunna, sai TLP ko asusctl ya riƙa sake rubuta masa. Masu Dell Latitude da HP EliteBook su fara shiga BIOS, F2 ga Dell, F10 ga HP, saitin kula da batir yana can, ba ruwansa da wane tsari ke kan faifai.

Fanka kuma, a nan ina roƙonka ka yi haƙuri ka janye hannu. EC ne ke tuƙa ta, ko da direba ko babu. Abin da direban ke ƙara maka shi ne ganin gudunta ta umarnin sensors, da damar ƙwace ragamar in ka ɗora shi da fan_control=1. Daga nan /proc/acpi/ibm/fan yana karɓar mataki daga 0 zuwa 7, ko auto, ko full-speed. Ba banza aka kulle wannan ba. Mutum ya ji ƙara ta dame shi yana muraja'a da dare, ya sa mataki na 1, ya manta, washegari mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kashe ya hau gina kanel, furosesa ya yi ta rage gudu don ceton kansa, batirin da ke gefe yana gasuwa. In dole sai ka taɓa, ka yi amfani da thinkfan mai bin zafin na'ura, ko aƙalla ka kunna watchdog na direban, wanda ke mayar da fanka hannun EC in an yi shiru na wasu daƙiƙoƙi, iyakarsa 120. Hucin da kake ji ma ina kyautata zaton daga wani wuri yake. Ka tashi da kanel ɗin Debian daga Advanced options na GRUB ka saurara. In ta lafa, to a naka ginin ne ka rasa wani abu na sarrafa gudun furosesa, ka duba intel_pstate da intel_idle. In ba ta lafa ba, na'urar 2018 ce da ta sha ƙurar ƙasar nan, a buɗe a busa mata iska a sauya man da ke kan furosesa. Riyal kaɗan ne a wurin masu gyara.

Maɓallan Fn ba duka ne ke bi ta direban ba. Wasu EC ke aikawa kamar maɓalli na yau da kullum, wasu sai ta thinkpad_acpi, shi ya sa ka ga wasu na aiki wasu sun mutu. Bayan ka gyara ginin, in akwai wanda ya ƙi, ka sa evtest, ka zaɓi ThinkPad Extra Buttons, ka danna maɓallin. In rubutu ya fito, kanel ya gama nasa, saura GNOME ko KDE ko duk abin da kake amfani da shi ya san me zai yi da saƙon. In babu abin da ya fito ka duba dmesg. Ka kuma gwada Fn da Esc tare, don sau da yawa kulle Fn ne kawai aka danna ba a sani ba. Sauya rubutu tsakanin Larabci da boko ba aikin kanel ba ne sam, a saitin kibod yake, kuma akwai tsarin Hausa na Najeriya a can mai ƙ da ɗ da ɓ, ga masu rubuto mana Hausa ba lanƙwasa.

Wuri ɗaya da na yarda a toshe direban kamfani shi ne in rfkill list ya nuna Wi-Fi a kulle alhali babu makunni a jikin na'urar. An sha ganin haka a tsofaffin kanel, acer_wmi ya hau kan laftof da ba nasa ba, ko ideapad_laptop ya zaci akwai makunnin da babu. Maganin wucin gadi shi ne layin blacklist a /etc/modprobe.d, amma mai IdeaPad ya sani in ya yi haka ya rasa conservation_mode, gara ya ɗaga kanel zuwa sabo. Haka su acpi_osi da acpi_backlight da ake ta kwafa ana liƙawa a GRUB, kada ka sa ko ɗaya sai hasken allo ya ƙi sauyawa da gaske, kuma ɗaya bayan ɗaya. Kafin su ma ka gwada fwupdmgr get-updates, Lenovo yana saka sabunta BIOS na ThinkPad a can, amma ka jona wuta kafin ka fara.

Kada ka goge kanel ɗin Debian ko naka ya yi kyau. In Secure Boot a kunne yake, wanda ka gina ba zai tashi ba sai ka sa masa hannu da makullinka ko ka kashe shi a BIOS. In ka sake ginin abin bai daidaita ba, ka turo mana abin da uname -r ya nuna, da lsmod | grep thinkpad, da sudo dmesg | grep -i thinkpad, a rubuce ba hoton allo ba, kuma ka share lambar siriyal in ta fito.