Mahaifiyata na fama da ciwon gwiwa da suga, shin shimfiɗar takalmi mai maganaɗisu za ta taimaka mata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. A Jidda muke zaune. Mahaifiyata shekarunta 63, tana da ciwon suga tun da daɗewa, ga ƙiba. An yi mata hoton ƙashi a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, aka ce amosanin gwiwa ne, guringuntsin ɓangaren ciki ya cinye, ƙafafun ma sun fara yin baka. Wata mata mai kawo kaya gida ta sayar mana da shimfiɗar cikin takalmi mai maganaɗisu da 'yan ƙulle-ƙulle masu tauri, ta ce tana zuƙe sanyin ƙashi. Sati biyu ke nan tana takawa. Jiya na ga jan tabo da ɗan bororo a ƙarƙashin babban yatsanta, amma ita ta ce ba ta jin komai, mai kayan kuma ta ce alamar cutar na fita ce. Hankalina bai kwanta ba, ga shi tana son yin Umra da azumi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, ki je ki zare shimfiɗar nan daga takalmin Hajiya. Gobe kuma, ba jibi ba, ki kai ta a duba ƙafar. Kada a fasa bororon, kada a shafa masa komai, kada ta ci gaba da taka wurin.

Bari in fara da gwiwar, don maganarta ba ta da tsawo. Akwai shimfiɗar takalmi ta asibiti wadda aka yi wa gefen waje tudu kaɗan, don a karkatar da nauyin jiki daga ɓangaren gwiwa na ciki, inda ya fi cinyewa a masu ƙafar baka. Dabarar tana da ma'ana, kuma a ɗakin gwaji an ga nauyin yana ɗan raguwa. Amma da aka gwada a kan marasa lafiya sai labari ya sha bamban. A 2011 an wallafa wani bincike daga Ostareliya a mujallar BMJ: mutum 200, shekara guda suna takawa, kuma masu tudun ba su fi masu shimfiɗa marar tudu samun sauƙi ba. A 2013 mujallar JAMA ta tattara gwaje-gwajen da aka yi ta samu kusan haka. Shi ya sa ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka a 2019 ta ce ba ta ba da shawarar amfani da ita ba. Nakan ba wasu su gwada na 'yan makonni, idan na duba tafiyarsu na ga akwai dalili, domin akwai wanda takan yi wa daɗi, akwai kuma wanda takan ƙara wa ciwo. Iyakarta ke nan. Babu shimfiɗar da ke tsiro da guringuntsin da ya riga ya tafi.

To idan ta asibiti wannan ne matsayinta, ina ga ta maganaɗisu? A 2003 ma an gwada masu maganaɗisu a Amurka a kan ciwon diddige, ba su fi marasa shi ba. Da asarar riyal ce kaɗai da na yi shiru.

Abin da ke ɓata min rai shi ne maganar nan ta "cutar ce ke fita". Ina jin ta a bakin mutanenmu daga Jidda har Makka, kuma ina ganin inda take ƙarewa. Suga idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na tafin ƙafa, yana kuma rage gudun jini zuwa can. Ni da ke idan tsakuwa ta shiga takalminmu, taku uku ba za mu yi ba sai mun tsaya mun kakkaɓe. Hajiya za ta wuni da ita ba ta sani ba. Yanzu ki ɗauki shimfiɗar nan ki shafa ƙulle-ƙullen da yatsanki, ki danna. Kowane ɗaya yana tokare wuri guda a fatarta, da dukkan nauyin jikinta a kai, taku bayan taku, cikin zafin Jidda da gumi. Da farko ja, sannan bororo ko kanta mai ɗan baƙin jini a ƙarƙashi, sannan fata ta buɗe. Ramin yakan yi ƙarami a ido, kamar ƙwayar wake, amma a ciki ya yi zurfi har ya taɓa ƙashi. Mafi yawan ƙafafun da ake yankewa saboda suga da irin wannan ɗan gyambo suka fara.

Cewar da ta yi ba ta jin komai, wannan shi ya fi tayar min da hankali a duk wasiƙarki. Ba alamar sauƙi ba ce, alama ce mai yiwuwa jijiyoyin sun riga sun sage. Ki roƙi likita ya gwada jin tafin ƙafar da ɗan zaren robar nan da ake taɓawa da shi, ya kuma duba bugun jini a ƙafar. Mintuna kaɗan ake yi.

Ita kuma mai kayan, da ire-irenta masu talla a WhatsApp, su ji tsoron Allah. Ba ta tambayi ko Hajiya na da suga ba, ba ta ce a cire safa ta ga ƙafa ba, amma da rauni ya fito ta sami bakin fassara shi. Wanda bai san ciwo ba ya ce a ci gaba da taka rauni, in ƙafar ta tafi yana da alhaki a wuyansa, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa. Mu ma da laifinmu: muna jin nauyin musa wa 'yar gari saboda ana gaisawa, ana haɗuwa a biki da suna. Wasu kuma matsalar takardu ko tsadar asibiti ke sa su jinkiri har wari ya fara fita. Na san wannan damuwa ba ƙarama ba ce. Amma wanke ƙaramin rauni yau ya fi kwanciya a gadon tiyata arha nesa ba kusa ba.

Idan ƙafar ta warke, abin da zai taimaki gwiwar ba ɓoyayye ba ne. Rage nauyi: kowane kilo ɗaya da ta sauke yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Ƙarfafa naman cinya: ta zauna a kujera ta miƙe ƙafa, ta riƙe daƙiƙa biyar, ta sauke, sau goma safe da yamma. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na gwiwar da ta fi ciwo ba. Takalmi rufaffe mai faɗin gaba, marar tsini, cikinsa sumul da taushi. Silifas ɗin roba ta bar shi. Maganin rage ciwo na shafawa, diclofenac, ya fi na haɗiya aminci a gare ta, domin ƙodar mai suga ba ta son a riƙa shan waɗannan ƙwayoyi kullum, balle da azumi. Kowane dare ki duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu, ki kuma sa hannu cikin takalmi kafin ta saka.

Batun Umra, Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi. Da buɗaɗɗen rauni kada ta taka shi. Akwai keken turawa da masu lantarki a Harami, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin Bankwana. Salla ma, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune. Idan a daren nan kika ga jan yana yaɗuwa, ko kumburi, ko mugunya, ko zazzaɓi ya rufe ta, kada ki jira safiya, ku tafi sashen gaggawa. Allah ya ba Hajiya lafiya.