Shuri, Hauri da Harbi: Wace Ƙafa Ce Ta Yi Dukan?

Wata ɗaliba mai koyon fassara daga Zariya ta rubuto tana cewa: "Malam, kalmar kick ta Turanci ta hana ni sakat. A wajen ƙwallo na gan ta, a labarin cin hanci na gan ta, har a zancen mutuwa. Wace kalma ɗaya zan riƙe a Hausa?"

'Yata, kada ki wahalar da kanki neman kalma ɗaya, babu ita. Bahaushe kafin ya zaɓi kalma sai ya duba wa ya ɗaga ƙafar, kuma me ta samu.

Idan mutum ne, shuri ko hauri. Ya shuri ƙwarya, ya hauri kare. Idan jaki ne ko doki, harbi ake cewa, shi ya sa tun muna yara ake ja mana kunne kada mu bi ta bayan jaki. Harbin nan kuwa ba na jaki kaɗai ba ne. Maharbi na harbi da kibiya, soja da bindiga, kunama ma harbi take yi. A yau har tauraron ɗan'adam harba shi ake yi. Abin da ya haɗa su, a ganina, shi ne abu ya fita fit ɗaya da ƙarfi.

Shuri ya fi ba ni sha'awa, domin ma'anarsa ta wuce duka da ƙafa kawai. Idan aka ce "ta shuri takalmanta ta fice", ba dukansu ta yi ba. Zura ƙafa ta yi cikin gaggawa ko fushi, ba ta ko sunkuya ba. Idan kuma dattawa suka zauna suka yi sulhu, wani ya sa ƙafa ya shure maganar, to ya ƙi ta ke nan, ƙiyayya mai haɗe da raini. Ki kula dai, Majalisar Shura ba ruwanta da ƙafa. Wannan daga Larabci ta zo, shawara ce.

A filin ƙwallo kuma bugu ne sarki: bugun kusurwa, bugun tazara, bugun daga kai sai mai tsaron gida. Fara wasan kuwa, masu sharhi a rediyo cewa suke za a take wasa da ƙarfe huɗu. Kin ga taku ya shigo.

Sauran wuraren da suka rikita ki, ajiye ƙafar za ki yi gaba ɗaya. Kuɗin da ɗan kwangila ke mayar wa wanda ya ba shi aiki, wanda Bature ke kira kickback, mu "kashe mu raba" muka san shi. Inda kuma Turawa suka ce mutum ya shuri bokiti, suna nufin ya mutu. In kika fassara shi haka, mai karatu zai tambaye ki ko ruwan ya zube. Ki ce ya sheƙa barzahu in da gatse a maganar, in babu, "ya rasu" ya wadatar.

Wani mai karatu daga Maraɗi kuma ya tambayi ma'anar "shure-shure ba ya hana mutuwa".

Ɗan'uwa, ka tuna ranar Babbar Sallah. An kayar da rago, an sa wuƙa, samari biyu sun danne shi, ƙafafun baya na ta watsa ƙasa. Wannan shi ne shure-shure. Ninka kalmar da aka yi yana nuna yawan shurin da rashin saitinsa, kamar tsalle-tsalle ko guje-guje. Ana jefa karin maganar ga wanda abu ya riga ya ƙare masa amma yana ta hanƙoro, kamar mai bashin da alƙali ya yanke wa hukunci yana ta kawo uzuri. Magana ce mai zafi, ba a faɗa wa marar lafiya ko wanda ke cikin jarrabawar rayuwa.

Akwai 'yar'uwar waɗannan kalmomi da siyasa ta ƙwace, wato hamɓara. Asalinta a sa ƙafa a kifar da abu, kamar saniya ta hamɓarar da ƙwaryar nono ana cikin tatsa. Da ita gidajen rediyo suka ba da labari a Yulin 2023, cewa sojoji sun hamɓarar da gwamnatin Shugaba Bazoum na Nijar a Yamai.