Wayarka da Farar Dango: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Wani manomin gero daga wajen Tanout, a jihar Damagaram, ya rubuto: "Malam, ana ta raɗe-raɗin fara za ta iya saukowa daga arewa. Ɗana ya ce akwai manhajar waya da ake kai rahotonta. Gaskiya ne? In na gan ta, me zan yi da wayar?"

Amsa: Baba, ɗanka bai faɗi ƙarya ba. Sunan manhajar eLocust3m. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ita ta fito da ita a 2020 tare da masana na jami'ar Penn State a Amurka, lokacin da fara ta mamaye Habasha da Somaliya da Kenya. Ita Kenya ta yi shekara 70 rabonta da ganin irin wannan. Fara zuwa wurin malamin gona na yankinku ya nuna maka yadda ake amfani da ita. Amma ko babu ita, wayar da ke aljihunka ta isa aiki.

Abin da jami'an yaƙi da fara ke buƙata daga gare ka shi ne su san ina ka gan ta, yaushe, kuma a wane mataki take. Matso kusa ka ɗauki hoto, ka ajiye kwalin ashana a gefenta don a gane girmanta. Sannan ka ja baya ka ɗauki fili gaba ɗaya don a ga yawanta. Launi yana magana: 'ya'yan da ba su yi fiffike ba, masu rawaya da baƙi, suna tafiya a ƙasa tamkar rundunar tururuwa, su ne abin da ake fatan a riska. Wadda ta yi fiffike tana da ja-ja kamar hoda, ba ta balaga ba, kuma ita ce mai mugun ci. In ta koma rawaya, ta shirya zuba ƙwai a cikin yashi mai danshi.

Ga wurin da mutane da yawa ke kuskure. Idan ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana goge bayanin wurin da aka ɗauka. Don haka kana tsaye a gonar, ka taɓa alamar maƙala kaya, ka zaɓi "Location", ka tura inda kake. GPS da tauraron ɗan'adam yake aiki, ba da data ba. In babu sabis a dajin, buɗe Google Maps ka danne kan shuɗin ɗigon nan, lambobi biyu za su fito, ka rubuta su a takarda ka tura in ka dawo gari.

Abin da ya sa nake nanata sauri: ƙwan fara yana ƙyanƙyashewa cikin kamar mako biyu, 'ya'yan kuma su yi wata ɗaya da ɗoriya suna tafiya a ƙasa. A wannan tsakanin mota ɗaya da feshi na iya gamawa da su. Da zarar sun tashi sama, suna cin tafiyar kilomita 150 a yini, kuma dangon da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yana cinye abincin mutum 35,000 a rana guda. Mutanen Nijar ba sa buƙatar a tuna musu da farar da ta sauka a 2004, da yunwar da ta biyo baya a 2005. Ni dai duk lokacin da na tuna rumbunan da suka tsaya wayam a shekarar nan, sai in ga kamar hoto ɗaya da aka tura da wuri ya fi bidiyo dubu da aka ɗauka bayan gero ya zama kara. A Nijar akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da fara, CNLA, wadda ke sa ido a yankunan Ayar da Tamesna inda farar ke hayayyafa. A Najeriya, ofishin gona na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar gona ta jiha za ka nufa.

Tambaya: Wata malamar makaranta daga Gashuwa: "An turo bidiyo a zauren WhatsApp ɗinmu, fara ta rufe sama, an ce a Yobe ne. Ta yaya zan tabbatar?"

Amsa: Malama, na gode da ba ki tura shi gaba ba. Tsayar da bidiyon a inda hoton ya fito sosai, ki ɗauki hoton fuskar wayar, ki saka shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa za ki tarar tsohon bidiyon gabashin Afirka ne na 2020 aka sake wa suna. Ki saurari harshen da ake yi a ciki, ki duba lambar mota da irin bishiyoyi. FAO kuma tana fitar da rahoton halin fara duk wata a shafinta na Locust Watch, da taswira. Irin wannan jita-jitar ba wasa ba ce, tana iya sa manomi ya yanke gero ɗanye, ko hatsi ya tashi a kasuwa ba dalili.

Tambaya: Wani matashi daga Maraɗi: "Na ga manhajar da aka ce tana fitar da ƙara mai korar ƙwari. Za ta kori fara?"

Amsa: Ba za ta kora ba, ɗan'uwa. Goge ta, cajinka da datarka kawai take sha.

Tambaya: Wani dattijo daga wajen Gaidam: "Ni ƙaramar waya mai maɓalli gare ni. Ba ni da rabo ke nan?"

Amsa: Kana da shi, Alhaji. Tun yau ka ajiye lambar malamin gona da ta mai gari. In ka ga fara, kira ka faɗi sunan ƙauye mafi kusa, da nisan wurin, da launinta, da ko tana tashi ko tana tafiya a ƙasa, da inda iska ta dosa, domin iska take bi. Faɗa musu musamman inda ta sauka da yamma, don a nan take kwana, kuma da sassafe kafin rana ta ɗumama ta ake samun yi mata feshi. In an yi feshin, a hana yara da mata kwasarta don suya, guba ce a jikinta, dabbobi ma a kau da su daga wurin har sai jami'an sun ce a koma.