Na rasa murya a hatsarin mota, zan iya neman diyya?

Tambaya: Salamu alaikum Barista. Ni malamin islamiyya ne a Daura kuma ni ke ladanci a masallacin unguwarmu. Wata hudu kenan wata motar haya ta daki motarmu a hanyar Katsina, wuyana ya bugi sitiyari, tun daga nan murya ta dushe, ko kiran sallah bana iyawa. Dangin direban sun kawo dubu hamsin wai a yi sulhu in sa hannu. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kara sauki. Don Allah kar ka sa hannu a komai tukuna.

Bugun makogwaro yakan taba igiyoyin muryar kansu ko jijiyar da ke motsa su, wani lokacin ma robar numfashi da ake zurawa mutum a tiyata ce ke jawo hakan. In jijiya ce, likitoci kan jira wata 6 zuwa 12 kafin su ce ta dawo ko ba za ta dawo ba, kai kuma yanzu kake wata na hudu, to da wane ma'auni aka auna dubu hamsin din? Ka je bangaren kunne, hanci da makogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, za su zura siririyar kyamara ta hanci su kalli wurin, ka roki rahoto a rubuce da hatimi. In kana shakewa da ruwa ko numfashi na fita da kara, yau za ka je ba gobe ba. Kuma ka daina rada, wahalar da muryar take yi.

Abin da ke ci min rai shi ne mutanenmu na ganin in ba karaya ba jini to ba a yi rauni ba. Alhali ko a fikihun Malikiyya murya na cikin abubuwan da in suka tafi gaba daya ake biyan cikakkiyar diyya, balle kai da ita kake ci da iyali.

A babbar kotun jiha ana neman kudin magani, kudin shigar da ka rasa, da na wahalar da ka sha. Kuma ba lallai daga aljihun direba ba, inshorar nan ta dole da masu mota ke yanka, wadda ta motar gida ta koma naira 15,000 a Janairun 2023, ai don irinku aka yi ta. Sai dai jabun takardu sun yi yawa a tasha, a sa lambar motar hayar a shafin NIID, wato rumbun bayanan inshora na Najeriya a intanet, a gani ko inshorar ta gaske ce.

Ka hada rahoton 'yan sanda ko na hukumar kiyaye hadurra ta FRSC, rasit din kemis komai kankantarsa, da takarda daga makaranta cewa ka daina koyarwa. In akwai tsohon faifan karatunka a wayar wani dalibi a ajiye shi, alkali ya ji muryarka ta da, ya kuma ji ta yanzu.

Sulhu ba laifi bane, amma bayan rahoton likita kuma da lauya a zaune. In ba halin dauka, ka je ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati da ke ba marasa hali lauya kyauta, a Katsina ka kai kukanka, kuma kar ka ja lokaci don shigar da kara na da wa'adi.