Amsa ga 'yar uwar da ke tambaya kan hayar mota a Zanzibar

Salamu alaikum 'yar uwa. Wallahi ina ganin tambayarki gabana ya faɗi, don sak abin da ya same mu ne, yara uku da surukarki, kuma maigida ya dage shi zai tuƙa da kansa daga Stone Town ku zaga bakin teku, ke kuma hankalinki bai kwanta ba kina tambaya ko ku ɗauki direba. Mu ma haka muka je, har da Hajiya mahaifiyar maigidana mai ciwon suga.

Hanyar tana da kyau ba ƙarya, bishiyoyin kwakwa jere, can ki hango ruwa shuɗi fes kamar an zuba shuni, kuma tsibirin ba girma gare shi ba, Stone Town zuwa Nungwi wajen kilomita 60 ne, Paje kuma kamar 50. Matsalar tana wajen wanda za ku karɓi mota a hannunsa. Namu wani ne da aka haɗa mu da shi a waya, bakinsa kamar zuma, yana ta Hajiya Hajiya yana russunawa, har shikamoo ya yi mata, gaisuwar da suke wa manya. Ya karɓi dala 200 na ajiya ba rasit, ya ce mota lafiya ƙalau. Abban yara ya zaga ta sau ɗaya ya shiga, ni kuma ina fama da jakunkuna da ƙaramin, babu wanda ya buɗe but ya duba.

Rana ta uku muka yi kudu, muka tsaya dajin Jozani yara suka ga jajayen biran nan da babu irinsu sai a tsibirin, muka wuce Paje da Jambiani. Abin da ba wanda ya faɗa mana, a gabashin nan ruwa yakan janye ya tafi can nesa ya bar fili, sai ki ga mata sun shiga suna aikin ciyawar teku da suke nomawa. Yara suka bi filin da gudu ba takalmi, ta tsakiyar ta taka wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya, ƙayoyin suka kakkarye a tafin ƙafarta. Don Allah ki sayi takalman roba na shiga ruwa tun kafin ku tashi, kowa da nasa. Kukan yarinyar nan shi ya jinkirta mu har magariba ta kawo jiki, kuma can rana na faɗuwa wajen shida da rabi duhu ya rufe, ba ya jira.

Mun baro Jambiani ba da nisa ba taya ta fashe. Aka buɗe but, safaya ba iska ko kaɗan kuma ta suɗe, jak babu, sifana babu. Daji hagu daji dama, babu fitilar titi, sai babura da ke wucewa fuu. Abban yara ya kira mai hayar motar, ya ɗaga ya ce gani nan, saa mbili. Wani ɗan acaɓa ya ce mana mbili biyu ne, muka ɗauka awa biyu yake nufi, daga baya aka ce a lissafinsu na Suwahili ƙarfe takwas ke nan don daga shida suke fara ƙirga, to ko wanne ne dai bai zo ba. Muka sake kira ya ƙi ɗagawa, can ya kashe wayar gaba ɗaya. Ya san da tsohuwa a motar, ya gan ta da idonsa, ya gaishe ta. Wannan ne abin da har yau na kasa haɗiyewa. Hajiya ta fara rawar jiki tana gumi, rabonta da abinci tun azahar, ni kuma abin da ke jakata biskit ne rabin leda da ruwa. Ta ce min kar ki damu 'yata, muryarta na shaƙewa, yarinya na kuka da ƙafa, ƙaramin na kuka don yayarsa na kuka, cajin wayata saura kashi 6. Na zauna a bakin kwalta ina ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil, ban taɓa jin na yi nisa da gida irin na daren nan ba.

Wani dattijo mai keke da ya fito daga sallar isha'i shi Allah ya turo mana. Ba ma jin yaren juna sai sallama, ya koma ƙauye ya dawo da matarsa da shayi mai siga da gurasar da suke ce wa chapati, ya kawo mai faci a babur. Sai wajen sha ɗaya muka isa masauki. Kuma washegari mai hayar motar ya zo yana cewa mu muka lalata masa taya, ya riƙe kuɗin ajiyar duka, ko sannu bai yi wa Hajiya ba. Na bar shi da Allah.

To idan maigidanki ya dage, ki tsaya a kai a buɗe but a gabanku, a taɓa safaya, a ga jak, ku ɗauki bidiyon motar ciki da waje, kar ku ba da ko sisi sai da rasit. Lasin ɗinsa na gida kaɗai bai isa ba, akwai takardar izinin tuƙi ta wucin gadi da masu hayar ke yi wa baƙi, ku karɓe ta a hannu don akwai shingen 'yan sanda da yawa kuma suna tambaya. Hannun hagu suke bi, sitiyari a dama, ranar farko sau biyu Abban yara yana komawa hannunmu na gida a shataletale. Ku cika tanki tun a gari. Akwai kuma inshorar tafiya ta dole ga baƙi masu shiga Zanzibar da suka fara a Oktoban 2024, dala 44 ce kan babba, ku biya kafin ku sauka. Ni dai ra'ayina ku ɗauki direba ɗan gari, da tsohuwa da yara ba a gwada jarumta.

Idan wanka yara ke so ku kai su Nungwi ko Kendwa, can ruwan bai cika gudu ya bar mutum ba. Kuma ki kai surukarki Kizimkazi, akwai tsohon masallaci da rubutun jikin bangonsa ya nuna shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Mu ba mu samu zuwa ba saboda abin da ya faru, kuma shi ne kaɗai abin da Hajiya ta roƙa tun daga gida, har yanzu idan na tuna sai raina ya ɓaci. Surukar taki tana da suga ko hawan jini? Idan tana da shi ki sa dabino da maganinta a jakar hannunki, kar ki bar su a akwati.